Ladan Kuturu: Tarihin Kuɗin Gwamnati a Jaridu da Gidajen Rediyon Arewa

Gabatarwa

A tsakiyar watan Maris na 2025, ana cikin azumi, na kwana a gidan kakana a wani ƙauye da ke arewacin Daura, ba nisa da iyakar Nijar. Bayan an yi sahur an dawo daga masallaci, ya jawo rediyonsa kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya murɗa zuwa inda yake kama Sashen Hausa na Muryar Amurka. Bai ji labarai ba, bai ji muryar kowa daga cikin waɗanda ya sani ba, sai kiɗa kawai. Ya cire batir ya mayar, ya ja eriya, ya sake murɗawa. Daga ƙarshe na duba wayata na gaya masa abin da ya faru: shugaban Amurka, Donald Trump, ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke ɗaukar nauyin gidan rediyon, an kuma dakatar da ma'aikatansa. Tsoho ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe su ma biyansu ake yi. To, namu na nan gida fa, wa ke biyansu?"

Wannan tambaya ce ta haifi wannan maƙala. Amsar da ta fi sauƙi ita ce gwamnati ke biya, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da yawa daga cikin tsarata sun tsaya a nan, suna ganin duk jaridar ko gidan rediyon da ke cin kuɗin gwamnati ɗan amshin shata ne, gara a bar shi ya mutu. Tarihin shekaru tamanin da 'yan kai, in aka bi shi daga Zariya zuwa Kaduna zuwa Katsina, ya nuna wani abu dabam. Kusan duk wata kafa da ta taɓa isa ƙauyukan ƙasar Daura da harshen Hausa, da kuɗin hukuma ta isa. Abin da ya bambanta zamanin da waɗannan kafafe suka yi daraja da zamanin da suka zube shi ne hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso gare su, da kuma yawan shingen da ke tsakanin mai ba da kuɗin da mai riƙe da alƙalami.

Daga Shela Zuwa Jarida

Kafin zuwan Turawa, sanar da jama'a aikin fada ne. Idan sarki yana da umarni, ko an ga wata, ko za a fita gayya, sai a buga tambari ko ganga, mai shela ya zaga unguwanni da kasuwa, hakimai su aika wa dagatai, dagatai su aika wa masu unguwanni. Sanƙira da sauran maroƙan fada a ƙarƙashin inuwar sarki suke ci suke sha, saboda haka ba wanda ya taɓa tsammanin jin kuskuren sarki daga bakinsu. Da Turawa suka kafa baitulmali a masarautu, suka mai da sarakuna da ma'aikatansu masu albashi a ƙarƙashin En'e, wannan tsari bai sauya ba: mai biya shi ne mai magana. Haka abin yake a Daura a tsawon mulkin Sarki Abdurrahman, wanda ya hau gadon sarauta a 1911.

Sauyi na farko daga Zariya ya zo. A watan Janairu na 1939 Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, editanta kuwa Malam Abubakar Imam ne, wanda ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. Manufar Turawa a fili take. Yaƙin Duniya na Biyu na ƙaratowa, jita-jita ta cika gari cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus, jaridun Ikko kuma suna caccakar mulkin mallaka. Suna bukatar muryar da za ta yi magana da mutanen Arewa da harshensu. Kwabon da mai karatu ke biya ba zai iya ɗaukar nauyin takarda da tawada da jigilar jarida zuwa larduna ba, don haka hukuma ce ta cike giɓin. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, da maɗaba'arsa, shi ma da kuɗin hukuma.

Abin lura shi ne jaridar ba ta tsaya inda masu ita suka ajiye ta ba. Imam ya buɗe filin wasiƙu, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka riƙa rubuto koke-kokensu daga ko'ina. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, daga baya ya rubuta masa dalla-dalla irin gazawar mulkin En'e da yadda ake danne matasa masu ilmin zamani. Mutumin da ke karɓar albashin hukuma ke nan yake faɗa wa wanda ya gina tsarin inda tsarin ke yoyo. Bai samu wannan dama don Turawa na son suka ba. Ya same ta ne domin sun fahimci cewa jaridar da ba a yarda da ita ba, ba ta da amfani ko ga mai ita, kuma domin akwai kamfani mai hukumar gudanarwa a tsakaninsa da ofishin Gwamna. Duk da haka damar tana da iyaka. Da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950, 'yan NEPU sun riƙa zargin Gaskiya da jingina ga NPC, suka koma dogaro da jaridar Comet ta Kano wajen bayyana ra'ayinsu.

A wannan zamanin ne aka ga misali na farko na abin da yanke kuɗi ke jawowa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA domin samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Hukumar ta buga littattafai masu arha da ƙananan jaridun larduna: Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, sai Himma a Lardin Katsina, wanda ya haɗa masarautun Katsina da Daura. A karon farko manomin da ya koyi boko a ajin dare yana iya karanta labarin lardinsa. Amma an auna hukumar da ma'aunin ciniki, aka ga ba ta mai da kuɗin da ake zuba mata, aka rufe ta a 1959. Ba wani ɗan kasuwa da ya zo ya gaje ta, domin babu riba a sayar wa talakan ƙauye jarida.

Murya Ta Iso Ƙauye

Jarida sai mai karatu, masu karatun boko kuwa 'yan kaɗan ne. Rediyo ne ya tsallake wannan katanga. A 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano, inda ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan da mutane ke haya a gidajensu, da kuma manyan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu biranen Arewa, sai dai waya ba ta fita bayan gari, saboda haka mutumin Baure ko Zango sai dai ya ji labari a bakin fatake. A 1951 aka kafa ma'aikatar yaɗa labarai ta rediyo ta ƙasa, wadda ta zama hukumar NBC a 1957, bisa koyi da tsarin BBC.

Siyasa ce ta sa yankuna suka kafa nasu. A 1953 Gwamna Macpherson ya yi amfani da rediyon ƙasa ya soki jam'iyyar Obafemi Awolowo, aka hana Awolowo damar mai da martani. Da tsarin mulkin 1954 ya ba yankuna ikon yaɗa shirye-shirye, Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta bi sahu a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka samu Rediyo da Talabijin na Kaduna. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramin rediyo mai batir, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa, manomi ya ajiye a gindin bishiya.

Ba a iya ƙididdige abin da wannan gidan rediyo ya yi wa ƙasar Hausa. Ta cikinsa aka koyar da amfani da takin zamani da rigakafin cututtuka, aka ji tafsirin azumi, aka aika gaisuwa ga 'yan'uwa a Zaɓi Sonka, aka ji labaran larduna a Jakar Magori, aka yi dariya da Samanja Mazan Fama. Makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Mamman Shata sun zama na kowa saboda an naɗi muryoyinsu an watsa. Shata, wanda Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya riƙe hannu biyu, kuma a Daura aka binne shi a 1999, yana raye a kunnen 'yan zamaninmu ne saboda faya-fayan da aka naɗa, da yawansu a gidajen rediyon gwamnati. Wannan ma wani amfani ne na kuɗin jama'a da ba a cika ambatonsa ba.

Ɗaya ɓangaren kuma ba ɓoyayye ba ne. Rediyon kowane yanki kakakin jam'iyyar da ke mulkin yankin ne, 'yan hamayya ba su da rabo a cikinsa. Kuma duk wanda ya kama ginin ya kama muryar. Ranar 15 ga Janairu, 1966, bayan an kashe Sardauna, a Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa.

Ɗan Daura a Kujerar Edita

Mako biyu kafin wannan juyin mulki, ranar 1 ga Janairu, 1966, gwamnatin Arewa ta fito da jaridar New Nigerian a Kaduna, wadda ta maye gurbin Nigerian Citizen. An kafa ta ne domin ta kare gwamnatin Sardauna, sai ga shi ta wayi gari babu wannan gwamnati. A 1967 Janar Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi shida, Daura ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. Kadarorin da ba su rabuwa, ciki har da jaridar da gidan rediyon Kaduna, aka danƙa su ga hukumar haɗin gwiwa ta jihohin shida, wato ICSA.

A cikin waɗannan shekaru ne jaridar ta kai ƙololuwar darajarta. Malam Adamu Ciroma ya riƙe ta a matsayin edita, a 1969 kuma Malam Mamman Daura ya gaje shi, daga baya ya zama manajan darakta. Sharhin da take bugawa a shafin farko ya zama abin da manyan ma'aikata da hafsoshin soja ke fara karantawa da safe, kuma ba ta jin nauyin faɗa wa gwamnatin soja inda ta kauce. Gaskiya ne cewa muradun manyan 'yan bokon Arewa take karewa, masu sukarta ba su yi ƙarya ba a kan haka. Amma ko abokan gabarta sun yarda ba jaridar fadanci ba ce.

Me ya ba jaridar gwamnati wannan ƙarfin hali a ƙarƙashin mulkin soja? Nagartar mutanen da suka riƙe ta na ciki, amma a ganina tsarin mallakar ya fi nauyi. Masu ita shida ne, don haka babu gwamna ɗaya da zai ɗaga waya ya kori edita. Kuɗinta ta hannun hukumar haɗin gwiwa yake biyowa, ga kuma cinikin jarida da na talla mai ƙarfi. Lada dai ana ci, amma ba a hannun mutum ɗaya ake karɓa ba, saboda haka ba wanda zai tsare edita ya ce lallai sai an yi masa aski.

Da Mai Abu Ya Zama Ɗaya

Wannan tsari bai daɗe ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓe New Nigerian baki ɗaya, ta kuma sayi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times ta Ikko. A 1977 aka haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin NTA. Daga 1978 aka sake fasalin rediyo, aka kafa FRCN, Rediyon Kaduna ya zama na tarayya, aka taƙaita jihohi a kan matsakaicin zango. Kuɗin mai ya yawaita, an sayi na'urori, an gina ofisoshi, amma naɗin shugabanni da sakin kuɗi duk sun koma hannu ɗaya.

Jamhuriya ta Biyu ta nuna illar haka. Jam'iyyar NPN na riƙe da kafafen tarayya, jihohin da ke hannun 'yan hamayya kuma suka shiga gina nasu. A Kano gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, da Albishir ta Hausa da Alfijir ta ajami, ta kuma buɗe talabijin na CTV. Kowane ɓangare ya mai da dukiyar jama'a makamin yaƙi da ɗaya. A tarzomar Kano ta 10 ga Yuli, 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, gidan rediyon jihar da ofishin Triumph na cikin wuraren da aka kai wa hari. Wanda ya ɗauki gidan rediyo a matsayin na kowa ba zai cinna masa wuta ba. Masu tarzomar sun ɗauke shi na gwamna ne.

Daga nan sai sojoji suka dawo ranar 31 ga Disamba, 1983, ƙarƙashin wani ɗan Daura, Janar Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Mu mutanen Daura muna alfahari da shi, amma tarihi ba ya karɓar son zuciya. Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta mai da wallafa abin da zai zubar da mutuncin jami'in gwamnati laifi, kuma a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda kowannensu, saboda labarin naɗin jakadu. Jaridarsu mai zaman kanta ce. Idan haka ta faru da wanda ba ya cin albashin gwamnati, ba sai an yi wa editan gwamnati bayani ba. An soke dokar bayan juyin mulkin Agusta na 1985. Abin mamaki, gida ɗaya a Daura ya fitar da editan da ya nuna iyakar 'yancin da jaridar gwamnati za ta iya samu, ya kuma fitar da shugaban da ya nuna saurin da ake iya ƙwace shi. Wannan ya isa hujja cewa ba a dogara da halin mutum ɗaya, komai kyansa, sai da doka da tsari.

Shekaru talatin bayan haka an sake ganin darasin. A zaɓen 2015, lokacin da Buhari ke hamayya, masu sa ido na Tarayyar Turai sun ba da rahoton cewa kafafen gwamnati sun fifita masu riƙe da mulki. A 2019, yana kan kujera, rahotonsu ya sake nuna talabijin na tarayya ya karkata ga shugaba mai ci. Jam'iyya ta sauya, ɗabi'ar gidan ba ta sauya ba.

Zamanin "Ku Nemi Na Kanku"

Idan riƙon gwamnati ya shaƙe kafafen nan, sakin da ta yi musu ya fi yi musu illa. Da farashin mai ya faɗi aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, Dokar Soja ta 25 ta 1988 ta sa NTA da FRCN da Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya cikin hukumomin da za su riƙa nemo wani ɓangare na kuɗin gudanarwarsu. Jihohi suka kwaikwaya. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987, a cikin wannan yanayi ta gina rediyo da talabijin nata. Gwamnati ta ci gaba da naɗa shugabanni da biyan albashi, amma kuɗin man janareta da gyaran na'ura da zirga-zirgar wakilai sai gida ya nemo.

Abin da gidan rediyo ke da shi na sayarwa shi ne lokaci, daga nan kuma aka gangara zuwa sayar da labari kansa. Na ga haka da idona lokacin da nake ɗalibi, aka tura ni koyon aiki a wani gidan rediyon gwamnati. A bangon ɗakin labarai an manna takardar farashi: ɗauko taro kaza, hira kaza, sanarwa kaza. Wata rana wasu dattawa uku suka zo daga wani ƙauye suna son a faɗi cewa ruwa ya cinye musu gada, mata masu naƙuda ba su iya kaiwa asibiti. Aka ce su kawo kuɗin mai kafin wakili ya bi su. Suka haɗa abin da ke aljihunsu bai kai ba, suka tafi. A daren nan labari na farko shi ne na wani jami'i da ya raba buhunan shinkafa. Ma'aikatan ba miyagu ba ne, wasunsu na bin bashin alawus na watanni. Tsari ne ya mai da labari haja, mai kuɗi ya saya, marar shi ya koma gida.

Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Raypower ta fara a Ikko a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003, daga baya wasu suka buɗe a Katsina. Sun kawo muhawara da shirye-shiryen kiran waya, sun tilasta wa gidajen gwamnati farkawa. Sai dai ɗan kasuwa inda masu talla suke yake kafa tasharsa, wato babban birni, kuma zangon FM ba ya nisa. Jaridun gwamnati kuwa sun sha kashi a hannun sababbi irin su Daily Trust da Aminiya. A 2006 gwamnatin tarayya ta mai da New Nigerian ga jihohin Arewa 19. Wani zai ce ai an koma tsarin masu abu da yawa da na yaba a baya. Bambancin shi ne a wannan karon ba a ɗora wa kowa wajibcin biya ba, kowace jiha ta zuba wa 'yar'uwarta ido, bashin albashi ya taru, har kamfanin ya durƙushe tare da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke ƙarƙashinsa. A 2012 gwamnatin Kano ta rufe Triumph, sai wata gwamnatin ta farfaɗo da shi daga baya. Kafar da rayuwarta ke rataye a kan ra'ayin gwamna mai ci ba ta da tabbacin gobe.

Akwai kuma kuɗin da aka yi tanadi amma ba ya isa inda ya kamata. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, amma bai wajabta musu miƙa ko kwabo ga gidajen da ke watsa shirye-shiryen ba.

Zanen Aro

Da amana ta ragu a gida, kunnuwa suka koma waje. BBC ta fara shirin Hausa ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar wani ɗan Lardin Katsina, Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Kakana da tsaransa sun yarda da su fiye da na gida, alhali su ma da kuɗin jama'ar ƙasashensu suke aiki. Har zuwa 2014 Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ce ke ɗaukar nauyin sashen BBC na ƙasashen waje, Muryar Jamus kuwa daga kasafin tarayyar Jamus take ci. Wannan kaɗai ya rushe da'awar cewa kuɗin hukuma da gaskiya ba su zama inuwa ɗaya.

Abin koyi a wurinsu shi ne shingen. BBC na aiki ne da takardar izinin sarauta tun 1927, wadda ake sabuntawa bayan shekaru masu yawa, kuma mafi yawan kuɗinta daga lasisin da gidaje ke biya yake fitowa. A Jamus kowane gida na biyan kuɗin wata-wata domin gidajen rediyo da talabijin na jama'a na cikin ƙasa, kuma wani kwamiti mai zaman kansa ne ke tantance adadin da suke bukata. Inda shingen ya yi rauni kuwa, ko a ƙasa mai arziki, ana rushewa cikin dare ɗaya. Bayan abin da ya sami Muryar Amurka, a watan Yuli na 2025 majalisar Amurka ta janye sama da dala biliyan ɗaya da aka ware wa hukumar tallafa wa gidajen rediyo da talabijin na jama'a, kuma ƙananan tashoshin karkara ne suka fi dogaro da wannan tallafi.

Mu da ke bakin iyaka mun ga wata fuskar. Mutanen Mai'adua da Kwangwalam na kama tashoshin Nijar kamar na gida. A can gwamnatin soja ta dakatar da Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Mai ba da kuɗi na iya janyewa, mai masauki na iya rufe ƙofa, mai sauraro kuma ba a shawartarsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma Nijar ɗin ta riga mu a wani fanni: tana da gidajen rediyon al'umma sama da ɗari a karkara, alhali Nijeriya sai a 2015 ta ba da rukunin farko na irin wannan lasisi.

Kammalawa

Mai karatu na iya cewa, a jihar da asibitoci ke neman magani, makarantu ke neman rufi, ina dalilin zuba kuɗi a rediyo, ga waya a hannun kowa? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, rediyo mai batir ne ya rage wa mutanen yankunan. Kuma a zamanin da ƙarya ke zaga WhatsApp kafin gaskiya ta fito, al'ummar da ba ta da murya ɗaya da ta amince da ita tana cikin haɗari. Gargaɗin ambaliya ko sanarwar rigakafi ba su da amfani idan sun fito daga bakin da aka saba ji yana fadanci.

Waiwayen da muka yi ya nuna hanyoyi uku da aka gwada. An gwada biya tare da riƙe linzami, aka samu kakaki. An gwada riƙe linzami ba tare da biya ba, aka samu gidan sayar da labari. Sau ɗaya ko biyu, a zamanin Imam da zamanin New Nigerian ta farko, an samu biya tare da shinge, kuma waɗannan ne shekarun da har yau ake tunawa da su da girmamawa. Abin da ya rage shi ne a mai da abin da ya faru bisa dacewa ya zama doka. Majalisar Dokokin Jihar Katsina na da ikon ware wa rediyo da talabijin na jiha wani kaso tsayayye na shekaru da dama, wanda ba sai an je roƙo ofishin kowa ba. Tana da ikon kafa hukumar gudanarwa da za ta ƙunshi wakilan masarautun Katsina da Daura, da malamai, da manoma, da mata, da 'yan jarida, da 'yan hamayya, wadda ita kaɗai za ta naɗa shugaban gidan ko ta cire shi bisa dalili bayyananne. A madadin haka sai a haramta karɓar kuɗi a kan labari, a wallafa lissafin kuɗin gidan kowace shekara, a kuma ware wani abu domin adana tsofaffin faya-fayai kafin su lalace. Kuɗin lasisin da ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, ke da ikon karɓa, zai iya zama tushen gidan rediyon al'umma guda, wanda dattawan da ruwa ya cinye wa gada za su shiga ba tare da an tambaye su kuɗin mai ba.

A wancan safiyar na amsa wa kakana cewa gwamnati ce ke biya. Da na zauna na bi tarihin, na gane amsar ba ta cika ba. Harajin da ya biya a zamanin En'e, da kuɗin da ake karɓa a hannunsa duk ranar kasuwar Mai'adua idan ya kai akuya, da rabonsa na arzikin mai, su ne suka biya Imam, suka gina Rediyon Kaduna, suke kuma biyan albashin masu karanta labarai a yau. Shi ne mai ladan. Idan har akwai wanda ya wajaba a yi wa askin, shi ne.